Kunnen Injiniya da Iskar Mai Faci

Ranar Litinin, tara ga watan Maris na shekarar 2009, na fara ganin mutumin da kowa a kamfaninmu yake kira Injiniya. Ina zaune a teburina na akawun sashen motoci ya shigo, takardar ɗaukar aiki a hannun hagu, hannun dama kuwa yana can maƙale a kunne. Makullin mota ne ya cusa yana juyawa, ido ɗaya a lumshe, baki a karkace, kamar mai laluben tasha a tsohuwar rediyo. Da ya gama ya zaro, ya duba abin da ya samo, ya goge a gefen teburina, sannan ya yi sallama. Tun daga ranar na yanke hukunci a kansa, kuma har ya bar wurin bai ba ni dalilin sakewa ba.

Kamfanin kayan gini yake sayarwa: tayil, fenti, bututu, kwanonin wanke hannu da makamantansu. Akwai ƙananan motoci masu raba kaya cikin gari, akwai kuma babbar mota guda ɗaya tal mai zuwa nesa. Duk wanda ke riƙe da babbar motar nan shi ne gaba a direbobi, albashinsa ya fi, kujerarsa a rumfar direbobi mai jingina ce, kuma shi ake fara zuba wa shayi. Injiniya ya samu motar bayan tsohon direbanta ya yi ritaya, ya riƙe ta shekara da shekaru. Gaskiya guda, ba ya gudun banza, ba ya shaye-shaye, ba ya satar mai. Iyakar abin da za a faɗa na alherinsa ke nan.

Sunan Injiniya ba wani ne ya raɗa masa ba, shi ya raɗa wa kansa. Ya taɓa zaman gareji yana saurayi, bai kai ga iya sauke inji ba aka sallame shi, amma ya fito da ilimi ɗaya da ya ishe shi har tsufa: komai na duniya inji ne. Mai ciwon ciki, kafiretonsa ne ya toshe. Yaron da ba ya gane karatu, fulogi ne bai kawo wuta ba. Mace in ta yi fushi, lagireto ne ya tafasa, a bar ta ta huce, kada a taɓa murfi. Ba a taɓa kawo maganar da ya ce bai san ta ba. Abin da ya fi tinƙaho da shi kuwa kunnensa.

"Ni da kunne nake gane ciwon mota," in ji shi, yana dukan ƙirji. "Ta tashi kawai, in saurara, in gaya maka abin da ke damunta."

Alhali duk farfajiyar an san ba ya ji sai an ɗaga murya. In ka yi masa magana sau biyu bai amsa ba, sai ya ce mutanen yanzu ne ke magana a cikin riga. Dogo, direban ɗaya daga cikin ƙananan motocin, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan babbar motar, ya sha gaya masa akwai wata ƙara a injinta, ƙwas-ƙwas, kamar ana buga cokali a kwano. Injiniya sai ya kalle shi sama da ƙasa.

"Kai da kake tuƙa akwatin ashana, ina ka san muryar babbar mota? Waƙa take yi, yaro."

Ranar da abin ya fito fili, yana ribas ne zai shiga bakin sito. Wani lebura mai furfura na bayan motar yana tura baro cike da kwanonin wanke hannu. Mutane suka ɗauki ihu, tsaya, tsaya! Mai gadi ya rugo yana dukan jikin motar da sanda. Injiniya na zaune abinsa yana duban madubi ɗaya, gwiwar hannu a taga, yana tafiya a hankali cikin isa. Leburan ya saki baron ya yi tsalle gefe, motar ta bi ta kan baron da abin da ke ciki ta niƙe. Takalmin mutumin ɗaya a ƙarƙashin taya aka zaro shi. Injiniya ya sauko, ya dubi tarkacen, ya dubi jama'a, ya riƙe ƙugu.

"Duk yawanku a nan, an rasa wanda zai yi magana?"

Manajarmu mace ce mai magana a hankali, saboda haka Injiniya ya yi shekaru yana gyaɗa mata kai bai san abin da take cewa ba. Ranar ba ta yarda da gyaɗa kai ba. Ta sa aka kira ni, ta ce in tsaya kusa da shi in maimaita masa da ƙarfi. Ga hukuncin da ta yanke: ya miƙa wa Dogo makullin babbar mota. Ya je asibitin kunne a duba shi. Ƙarshen wata za a yi masa gwajin ji. In ya ci, motarsa na jiransa. In ya faɗi, ba zai ƙara riƙe sitiyarin kamfani ba, babba ko ƙarami.

"Ranki ya daɗe, kunnena garau yake," ya ce. "Wannan duk makircin Dogo ne."

"To ai shi ke nan," ta ce, "gwajin zai wanke ka."

Abin da ya biyo baya a asibiti da gida, yawancinsa daga bakinsa aka ji, don ba ya iya riƙe labari ko da na kunyarsa ne. Sauran labarin kuwa, matarsa ce ta cike daga baya.

A asibitin wata nas ya tarar, ana ce mata Sista, siririya mai tabarau, wadda a ganinsa ba ta wuce sa'ar 'yarsa ta fari ba. Tun daga nan ya raina ta. Ta ja masa kunne sama, ta leƙa da wata 'yar fitila mai tsinin baki, ta koma ɗayan, ta daɗe tana leƙe.

"Baba, me kake sa wa a kunnen nan?"

"Ba komai."

"Ba komai? Makulli dai, ko tsinken ashana?"

"Makulli ai ƙarfe ne mai tsabta," in ji Injiniya.

Ta yi masa bayani, bakinta dab da kunnensa. Dauɗar kunne da kanta take fitowa sannu a hankali, in an bar ta. Shi kuwa kullum yana tura ta ciki yana dannawa, har ta daskare ta toshe kunnuwan biyu kamar an liƙe da siminti. Ta ba shi wani mai ya riƙa ɗigawa na 'yan kwanaki don ta yi laushi. Da ya koma, ta kwantar da shi, ta sa wani siririn bututu mai zuƙa, injin na ƙugi a cikin kansa. Abin da ya fito daga kunnen dama baƙi ƙirin, ya kusa ƙwallon dabino. Na hagu bai kai shi ba, amma ba abin nunawa ba ne. Ta ɗora su a kan auduga ta miƙa masa ya gani.

Wani mutumin da kunya za ta kama shi. Injiniya kuwa ya gyara zama.

"Wannan ai giris ne. Allah ne ya sa shi don kada inji ya ci kansa. Kin kwashe min giris kaf."

"Kaɗan daga ciki yana da amfani, gaskiyarka," ta ce, "kuma zai dawo da kansa, ba sai ka nemo shi ba. Yanzu saurare ni da kyau."

Sai a lokacin ya lura ba ihu take yi ba. A hankali take magana, tana wanke hannu, ta ma ba shi baya, amma kowace kalma na shiga tar. Ta ce fatar cikin kunnen yanzu ɗanya ce kamar kan da aka yi wa sabon aski, ba abin da ke kare ta. Kada ruwa ya shiga. In zai yi wanka ya shafa wa auduga basilin ya toshe bakin kunnen, bakin kawai, in ya gama ya cire. Kada ya sa komai a ciki, ba makulli, ba ashana, ba tsinken auduga, ba ɗan yatsa. Waje kawai zai goge da tawul. Zai ji ƙaiƙayi, ya daure, zai wuce. Ya nisanci ƙara mai ƙarfi. In ya ji zafi, ko ruwa na fita, ko kunnen ya sake toshewa, ya dawo nan take.

"Ba sai ka jira rana ba, Baba, ƙofa a buɗe take."

Duk ya ji. Wannan karon ba zai ce a cikin riga aka yi maganar ba. Ya ce to, to, yana kallon silin, a ransa yana cewa yarinyar da ko taya ba ta taɓa canzawa ba ita ce za ta koya masa kula da inji.

Da ya fito titi, duniya ta zubo masa a ka. Takalminsa na ƙara, rigarsa na ƙara, har numfashinsa yana ji. Ya isa gida yana tafiya kamar mai tsoron taka ƙwai. Matarsa na durƙushe tana wanke-wanke a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba, ta faɗi abin da ta saba faɗa ƙasa-ƙasa duk ranar Allah in ya shigo.

"To, ga sarkin sani ya dawo."

Ya tsaya cak. "Me kika ce?"

Ta ɗago da soso a hannu. "Au, ka ji?"

"Tun yaushe kike ce min haka?"

"Tun ina goyon babbar," ta ce. "Sannu da zuwa, Baban yara. Lallai likitan nan ya iya aiki."

Mace ce mai haƙuri, amma ba ta da wauta. Ta sa ya maimaita mata duk abin da Sista ta ce, ta aika aka sayo auduga da basilin, ta ajiye su a kan tagar banɗaki inda ba zai ce bai gani ba. Ta ce masa motar nan ita ce cinsu da shansu da makarantar yara, ya yi wa Allah ya bar kunnen nan ya huta zuwa ƙarshen wata. Ya ce mata shi ba yaro ba ne.

Manaja ba ta ce ya zo aiki ba, amma washegari da sassafe ga shi a farfajiya, don ba zai iya zama a gida yana tunanin Dogo a kan kujerarsa ba. Yana tsaye Dogo ya hau ya tayar da babbar motar. Injin ya kama, sai ga ta nan, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙarar da kowa ya haddace. Injiniya ya zaro ido, ya ɗora hannu a ka.

"Innalillahi! Dogo, ka kashe min mota! 'Yan kwanakin nan kawai har ka kashe ta?"

Dogo ya leƙo ta taga yana dariya har da hawaye.

"Shekara nawa ina gaya maka? Waƙar ce, Injiniya. Yau ka fara jin waƙar motarka!"

Rumfar direbobi ta kwashe da dariya, har mai shayi sai da ya ajiye buta. Injiniya bai yarda ba, kuma bai taɓa yarda ba. Ya tsaya a kan Dogo ne ya lalata ta, kuma tunda an hana shi tuƙi, zai tsare ta ta hanyar da ta rage masa: ba wanda zai ƙara wanke ta sai shi. Akwai masu wankin mota da kamfani ke biya, ya kore su. Kullum da safe ya naɗe wando, ya jawo tiyo.

Ranar farko ya zo da auduga a kunnuwa biyu, don matarsa ta tsare ƙofa ta ce ba zai fita ba sai da ita. Fara tas, tana leƙowa ta kowane gefe. Dogo na hango shi ya tafa hannu.

"A'a, Injiniya! An yi maka sabis ke nan, aka toshe kada mai ya zube?"

"An sa masa sabuwar filta," in ji wani.

"Filta biyu! Lallai babbar mota ce."

Bai kai bakin famfo ba ya fizge audugar ya jefa a kwata. Mutumin da bai ji maganar Sista ba, bai ji ta matarsa ba, ta Dogo ya ji. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kwanta a kan gefen hagu, yana fesa ruwa sama, ruwan na dawowa da laka da baƙin mai yana sauka a fuskarsa, yana gangarawa cikin kunnen dama. Da ya fito ya karkata kai ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ya ce ya fita.

Ƙaiƙayin da Sista ta ce zai zo ya zo, ya kuma zo da ƙarfinsa. Makullin babbar mota na aljihun Dogo, to amma duniya ba ta rasa abu mai tsini ba. Ya yi da makullin ɗaki. Matarsa ta ƙwace, ya koma ashana. Ta ɓoye ashana, ya tsinci guntuwar waya a farfajiya ya lanƙwasa bakinta. Murfin birona ma a lokacin ya ɓace, na gan shi daga baya a hannunsa, ban nemi a mayar min ba. In ana yi masa magana sai ya ce ba ciki yake kai wa ba, baki-baki ne kawai, ana kallon wayar ta shige rabi.

Kafin a kai ko'ina kunnen dama ya kumbura, ya yi zafi, ko filo ba ya so ya taɓa shi. Jin da ya dawo ya fara komawa, magana na zuwa masa ta wannan gefen kamar daga ƙarƙashin ruwa. Ga ƙarshen wata ya matso. A nan ne tsoro ya fara shigarsa, ya daina surutu a rumfa, yana zama yana danna bayan kunnen da yatsa yana haɗiyar yawu ko zai buɗe.

Matarsa ta same shi da safe yana shan shayi, kai a karkace.

"Baban yara, ka koma wurin Sistar nan yau."

"In koma in ce mata me?"

"Ka ce mata abin da ka yi. Ita ta ce in ya toshe ka dawo."

"Ta rubuta wa Manaja cewa kunnen bai gyaru ba, a miƙa wa Dogo mota? Ke ba ki san aikin ofis ba. Bakinsu ɗaya."

"Ba ta ce ƙofa a buɗe take ba?"

"Ruwa ne kawai ya kwanta a ciki. Na san abin da ake yi wa ruwa."

"Ka sani," ta ce, wannan karon da ƙarfi, tana tattara kofuna. "Kai ai ba abin da ba ka sani ba."

A bakin titi, ɗan gaba da ƙofar kamfani, akwai rumfar mai faci, wani dattijo mai kaushin baki da ya fi Injiniya shekaru. Yana da injin iska babba mai tanki, da rabin duro cike da baƙin ruwa inda yake nutsa tayoyi ya gano huji. Direbobi sun saba, in filtar iska ta mota ta cika da ƙura, ba a sayen sabuwa, sai a kawo wa mai faci ya fesa mata iska ta fita fes. Ranar Injiniya ya ciro filtar babbar motar da kansa ya kawo, don ya nuna wa duniya irin ƙazantar da Dogo ya tara. Ya tsaya yana kallo mai faci ya sa bakin tiyo, fuuu, ƙura ta tashi baƙa, filtar da ta shigo a toshe ta koma tana shan iska. Ya daɗe yana kallo. Ya taɓa kunnensa. Duk ilimin da ya tara a duniya ya haɗu wuri ɗaya.

"Baba mai faci, ɗan fesa min nan."

"Ina?"

"Nan. Ruwa ne ya kwanta. Ka ɗan hura, ya bushe."

Mai faci ya sauke tiyon ya dube shi.

"Kai, lafiyarka? Iskar nan tayar babbar mota take ɗagawa, da kaya a kai."

"Ai ba duka za ka sake ba. Kaɗan."

"Ba ta da kaɗan. Ni taya nake yi wa aiki, ba kan mutum ba. Je ka asibiti."

"Asibitin ma da iska suka yi min. Bututu ne kamar naka, sai dai nasu ja yake, naka turawa. Duk aiki ɗaya ne."

"To je ka su ja maka. Ni ba ruwana."

"Tsoro kake ji ke nan. Shekara nawa kana riƙe da inji ba ka san ƙarfinsa ba?"

"Na sani, shi ya sa," in ji mai faci. "Ɗauki filtarka."

Sai ga mai babur ya turo babur da taya a kwance. Mai faci ya rataye tiyon ya juya ya durƙusa. Injiniya ya saci kallonsa, ya miƙa hannu ya sauko da tiyon. Kada a ce bai yi hankali ba, ya yi irin nasa: ya fara gwadawa a tafin hannu, iskar ta lotsa fatar, ya gyaɗa kai kamar likitan da ya auna magani. Ya riƙe bakin tiyon nesa kaɗan da kunnen ya danna. Iskar ta kaɗa masa gashi, kunnen na nan a toshe. Ya ce a ransa ai filta ma sai an matsa mata. Ya kafa bakin tiyon a ramin kunnen, ya lumshe ido ɗaya, ya danna.

Ya ce abin da ya ji kamar taya ta fashe a tsakiyar kansa. Titi ya tashi tsaye, rumfa ta kwanta. Ya yi baya, ya yi gefe, ya tafi da ka cikin rabin duron nan na baƙin ruwa. Mai faci da mai babur suka ciro shi yana amai, jini na bin wuyansa, yana ta tambaya wa ya ture shi.

"Wa zai ture ka?" in ji mai faci, yana riƙe da shi yana zagi. "Kai ka ture kanka, shashasha! Da girmanka, da furfurarka! A rumfata za ka mutu ka ja min magana?"

A ƙaramar motar da Dogo ke tuƙawa a da aka kai shi asibiti, wani direban na riƙe da kansa. Sista ta leƙa, ta kira likita, shi ma ya leƙa. Dodon kunnen ya fashe, ramin duk ƙarzuna ne da mugunya, ga ruwan faci ya shiga a kai. Likita ya tambaya me ya faru, aka gaya masa, ya sa aka maimaita, don ya zaci bai ji daidai ba. Sista ba ta yi faɗa ba. Ta zagayo ta gefen hagu inda yake ji.

"Baba, kumburin nan, da a ce ka zo da shi jiya, da maganin ɗigawa kawai zan ba ka. Da kafin ranar gwajin ya sauka."

"Ai da ma tun da kika kwashe giris ɗin nan na san za a yi haka," in ji Injiniya, yana kwance yana riƙe da gado don kada ya juya da shi.

Manaja ta yi masa adalcin da bai nema ba. Ta ɗage gwajin har sai likita ya ce raunin ya warke, ta bar masa albashinsa. Matarsa ta tsare shi a gida kamar fursuna, ita ke ɗiga magani, ita ke toshe kunnen in zai yi wanka, ta kwashe duk wani abu mai tsini daga ɗakin. Hujin ya rufe a hankali. Amma iskar ba a dodon kunne kaɗai ta tsaya ba, ta taɓa can ciki. Jin dama bai dawo ba sai ɗan kaɗan, wani fito ya zauna masa a kai ba dare ba rana, kuma in ya juya kai da sauri sai jiri ya ɗebe shi.

Ranar gwajin aka sa shi a wani ɗan ɗaki mai rufi, aka ɗora masa abin saurare a kunnuwa, aka ba shi maɓalli aka ce duk lokacin da ya ji sauti ya danna. Na hagu ya yi daidai. Da aka koma na dama, ya danna maɓallin ya riƙe bai saki ba, don fiton da ke kansa ya ɗauka shi ne sautin. Mai gwajin ta leƙo ta ce ai ba ta ma kunna ba tukuna. Likita ya rubuta cewa da wannan kunnen da wannan jirin bai dace ya tuƙa motar kaya ba.

Aka tabbatar wa Dogo babbar mota. Injiniya aka ba shi aikin kula da ɗakin tayoyi da batura, a ƙaramin albashi. Ya karɓa yana cewa na ɗan lokaci ne, kafin gaskiya ta fito. Duk wanda ya shiga karɓar taya sai ya ji yadda wata yarinya a asibiti ta lalata masa kunne da injin zuƙa. Ba ya ambaton mai faci, kuma ya daina bi ta gefen rumfarsa, yana tsallaka titi ya zagaya.

Bai cika shekara biyu a ɗakin tayoyin ba ya ajiye aiki, bayan wata hatsaniya da sabon mai kula da sito. Matarsa ta sayi keken ɗinki, da shi aka ƙarasa karatun yaran. Shi kuwa ƙanin matar ya ɗauke shi yana tsare masa shagon kayan gyaran mota in ya fita. Yana nan da ransa, kunnen dama bai dawo ba, kuma bai ƙara tuƙa mota ba.